Fankar da Na Yi wa Magani

Gara in faɗa tun da wuri, kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba direban kamiyo, babbar motar kaya, ba ne, ko da yake shi ma ya taɓa nasa, ba kuma ɗana da ya aiko da moton ba. Ni ne, da gemuna da furfurata da ilimina na aji huɗu. Don na yi lakwal, makarantar boko ke nan, kada a raina ni. Na zauna gaban mushe, malamin aji, har na iya rubuta sunana, na iya karanta abin da ke jikin gwangwanin tumatir, sannan mahaifina ya ga gona ta fi bukatata. Wannan ɗan abin da na tsinto shi ya sa a unguwarmu ta Dungas, in rediyo ta ƙi magana ko tocila ta mutu, ni ake kawo wa. Wasu su tashi, waɗanda suka ƙi kuwa in ce dama kwanansu ya ƙare.

Moton, wato babur, daga Agadas ɗana ya aiko mini da shi, can yake aiki. Ba irin na ƴan kabu-kabu ba ne da iska kaɗai ke sanyaya su. Wannan baƙi ne, mai faɗin ƙirji, kuma ruwa yake sha kamar dabba. Bayan ƙafarsa ta gaba akwai wani ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, shi ake kira radiyater, nan ruwan da ya zagaya inji ke zuwa ya huce. A bayan wannan kuma an maƙala wata ƴar fanka da ba ta kai murfin kwano ba. Ranar da aka sauke shi yaron ya kira ni a salula yana ta bayani, ruwa kaza, mai kaza. Ni kuwa maƙwabta sun kewaye ni suna kallo, sai na riƙa cewa, "Na sani, na sani," da ƙarfi yadda na bayan ma zai ji. Ya ce wani abu game da fankar. Na ce masa wannan ma na sani.

Fankar nan ce ta hana ni sakat. A kan hanya ba ta motsi. Amma da na shigo gari na fara lallaɓawa cikin rairayi, sai ta tashi da wani gurnani, kuma ko na murɗe makulli na zare shi na sa aljihu, ba ta fasawa sai ta ga dama. In ajiye moto ƙofar masallaci, a ta da salla, liman na karatu ita ma tana nata. Abokan zamana suka samu abin yi. "Malam, ka sauka dokinka bai gama magana ba."

Na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Mu mun tashi ne da tocila mai batir biyu, wadda da gari ya waye ake buɗewa a juya batir ɗaya, don kada wuta ta tsiyaye da rana a banza. Duk gidan da ba a yin haka, an san ba gidan tattali ba ne. To ga abu yana juyawa makulli na aljihuna, wutar wa yake ci in ba tawa ba? Ɓarawo ne kawai da aka haɗo ni da shi tun daga kamfani.

Wata safiya na durƙusa na bi wayarta da yatsa har na iske inda ta haɗu da ƴar'uwarta, wasu robobi biyu da suka cije juna. Na raba su. Na yago bakin wani tsohon zane na ɗaure kan wayar tsaf, na cusa ƙarƙashin tanki inda ido ba ya kai. Maiɗakina tana sharar tsakar gida, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Me kake yi masa, Malam?"

"Magani."

"Ciwon me yake yi?"

"Surutu."

Ta ce, "Da ana sayar da na mutane, da tuni na sayo maka," ta ci gaba da shararta.

Magani kuwa ya ci. Na yi wata da watanni ina zuwa gona, ina zuwa ɗaurin aure da jana'iza a ƙauyuka, hanya buɗe, iska na dukan ƙirjin moto, ban taɓa ganin wani abu ba. Har na fara ba wasu shawara.

Yanzu sai in koma kan maiɗakina da yayanta, don ba a fahimtar ranar nan sai da su. Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi yana Magariya a gidan gado. Mahaifinsu ya bar garkar rake a bakin korama, wurin rabonta magana ta ɓaci. Ba zan shiga wa ke da gaskiya ba, ina son in ci gaba da cin tuwo a gidana. Abin da na sani, ta ce a gaban mutane ba ta da wa, shi kuma ya ce kada ƙafarta ta sake taka zaurensa. Aka yi haihuwa, aka yi aure, aka yi rasuwa, kowa na gefensa. Ni nake zuwa in yi gaisuwa a madadinta, in dawo ta tambaye ni farashin gero a Magariya, ta tambaye ni ko hanya ta gyaru, ta tambayi komai ban da abin da take son ji. Sai in ce, kamar da kaina nake magana, "Na ga mutumin, ya ɗan rame." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar da nake faɗa, ƙarshen bazara ne, an gama sharar gonaki ana jiran ruwa. Da hantsi salularta ta yi ƙara. Ɗiyar yayan nata ce, ina zaune kusa ina jin muryar.

"Gwaggo, jikin Baba ya yi tsanani. Tun asuba ke yake kira. Ya ce a gaya miki ki zo ku yafi juna, ba ya so ya tafi da maganar nan a wuyansa."

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da wani ɗan gwangwanin zuma da ta daɗe tana ɓoyo, ta ce in kai ta tasha. Na ce wace tasha, motar da sai ta cika ta batse kafin ta motsa? Moton nan kafin su gama ɗaure kaya mun isa. A nan kam gaskiya na faɗa, ina so a rubuta mini ita, don ba su da yawa a ranar.

Muka kama hanya. Sama ta yi fari fat, babu iska ko ta motsa ganye, can gabas kuma wani baƙi ya kwanta a ƙasa-ƙasa kamar an shafa toka. Maiɗakina mace ce da ba ta wuce gona ba ta faɗi ra'ayinta a kan mai ita ba, wannan rago ne, wancan ya zuba taki. Ranar har muka bar Dantchiao a baya ba ta ce uffan ba. Hannunta kawai nake ji ya damƙe rigata ta baya, wani lokaci ya saki, ya sake damƙewa. Moto na ta gudu lafiya lau, allurar da ke nuna zafi tana kwance inda ta saba.

Abin da na manta, ranar kasuwar Magariya ce. Kafin a shiga gari akwai inda hanya ke hawa tudun ƙasa ta ratsa korama, hagu laka da ruwa, dama garkunan rake. A daidai nan wani kamiyo da ya yi lodin buhunan wake fiye da ƙarfinsa ya karye ya jingina, ya tare kusan duk faɗin hanyar. Ɗan wurin da ya rage, ta nan kowa zai bi: garken shanu da ake korawa wajen iyaka, amalanken shanu, motocin ƴan kasuwa da mutane a kan kaya, mata da tallansu a ka. Layi ya miƙe har ba a ganin farkonsa. Masu moto su ne masu sa'a, suna bin gefe suna jan ƙafa, a matsa kaɗan a tsaya, a matsa kaɗan a tsaya. Na bi sahunsu. Ta juya ta kalli garkunan raken sau ɗaya, ta kau da kai.

Da farko a ƙwaurina na ji shi, wani zafi kamar na tsaya kusa da murhu. Na ce rana ce. Na dubi allura, ta bar wurin kwanciyarta ta kai tsakiya. Muka matsa, muka tsaya bayan wani bajimi mai ƙaho kamar rassan itace. Na sake dubawa, ta wuce tsakiya. Ba ta rawa, ba ta komawa, hawa kawai take a hankali kamar wadda ta san inda za ta. Sai wata jar fitila da ban taɓa ganin ta kama ba ta kama. Sannan wari, irin na tukunyar da ruwa ya ƙone a cikinta. Inji ya fara wata ƙara a ƙasa-ƙasa, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani.

"Malam, ƙafata na ƙuna."

"Ɗage ta kaɗan, mun kusa."

Ba mu kusa ba, kamiyon ma da kyar nake hango buhunansa. Na ji ruwa na ɓaɓɓaka a cikin moto kamar talge, tururi ya fito ta gefen tanki ya bugi fuskata. Na murɗe makulli.

Shiru. Duk hayaniyar wurin, kukan shanu da zage-zagen masu amalanke, amma ni shirun moton nan nake ji. A irin wannan lokaci ne da can fankar ke tashi da gurnaninta. Na tsaya ina sauraron abin da na san ba zai zo ba. Kada in yi ƙarya, tun a nan na gane. Ilimin aji huɗu ma ya isa ya gane wannan.

Salularta ta yi ƙara.

"Gwaggo, kuna ina?"

"Muna bakin gari."

"Ya sha ruwa kaɗan. Ƙofa kawai yake kallo."

Na tura moto gefe, ita ta sauka da kyar, don gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ta, ko rijiya ba ta zuwa. Nan da nan muka samu likitoci. Wani ya ce a watsa masa ruwan sanyi. Wata mai ruwan leda ta matso da bokitinta tana jira a yanke shawara. Wani daga kan mota ya ce irin wannan moton ba na ƙasarmu ba ne, na masu sanyi ne. Ni kuwa, don a ga ina yin wani abu, na kai hannu zan buɗe murfin radiyater.

Aka cafke mini wuyan hannu. Wani dattijo ne kakkaura, sa'ana, da tawul a wuya, direban ɗaya daga cikin kamiyon da ke layi. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabo fari tun daga gwiwar hannu har yatsu.

"Dattijo, ka ga wannan? Murfi irin wannan ne ya rubuta mini shi ina yaro. In kana son naka, buɗe, amma bari Hajiya ta matsa tukuna." Ya juya ga mai ruwan leda. "Ke kuma kada ki kuskura. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake, sai dai a sayar wa maƙera."

Mutumin nan ya gaji da zaman jira, ya samu majinyaci da ƴan kallo, ba zai sake mu da sauƙi ba. Na gane shi sarai, don irina ne. Ya zagaya moto yana gyaɗa kai, ya sanar wa jama'a cewa jwan ya ƙone, wato wani siririn faifai da ke raba ruwa da mai a cikin inji, kuma in shi ne, sai dai a ɗora moto a amalanke. Ya zaro sandar gwada mai don ya nuna mana yadda ruwa ya gauraya da shi ya koma kamar nono. Mai ya fito baƙi, lafiyarsa lau. Ya dube shi, ya goge a tawul, ya ce dama gwadawa yake.

Ya bi tiyo-tiyon ruwa ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, yana leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Babu. Ya duƙa gaban radiyater ya ga ramukan sun cushe da busasshiyar laka da ƙaiƙayi, ya yi murna ƙwarai.

"Ga ɓarawon. Ta ina iska za ta shiga? Kai ma a toshe maka hanci a ce ka yi gudu."

Ya sa tsinke yana sakace su a hankali. Ni ma na yi murna, har na fara gaya wa kaina wataƙila shi ne, wataƙila wayata ba ta da laifi. Aka jira ƙarfe ya huce har ana iya ɗora tafin hannu. Jiran nan ba na manta shi. Baƙin da ke gabas ya taso ya ci rabin sama, haske ya koma wani iri, rawaya-rawaya, shanu suka fara ɗaga hanci suna shaƙa. Masu moton da muka zo tare da su tuni sun ɓace a gaba. Maiɗakina ta tare ƴan kabu-kabu biyu ko uku, kowane da mutum biyu a baya da akuya a kan tanki. Ta dawo ta tsaya, gwangwanin zuma a hannu.

Direba ya rufa tawul a kan murfin, ya murɗa kaɗan ya bar shi ya yi huci, sannan ya buɗe. Ruwa ya ragu, ya cika shi daga jarkarsa. Na ta da moto, ta hau, muka koma layi, shi kuma yana biye da mu a ƙasa kamar mai rakiyar amarya. Ba mu wuce amalanke huɗu ko biyar ba allura ta sake kama hanyarta. Jar fitila ta dawo.

"Tsaya, kada ka kashe," in ji shi. Ya durƙusa ya kara kunne. Ya daɗe. "Fankar nan ba ta tashi. Da zafin nan ya kamata a ce tana ihu. A gudu iska ke yi mata aikin, a cunkoso kuwa in babu ita babu kowa. Kashe."

Ya sa tsinke ya tura fiffikenta, ta juya sumul, ba ta cije ba. Ya buɗe wani ɗan akwati ƙarƙashin sirdi ya zaro fizibil, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ya ɗaga shi sama ya duba. Lafiya lau. Ya tsuke baki.

"Dattijo, akwai wanda ya taɓa wayoyin moton nan?"

Mutum wajen goma na tsaye suna kallon bakina. Maiɗakina na gefe. Na ce, "Babu."

Ban dube ta ba, amma na ji idonta a gefen fuskata, ya fi injin zafi. Matar da muka tsufa tare ba za ta ƙaryata ni gaban maza a kan hanya ba, na san haka, kuma da shi na fake.

"To sai mu bi ta tun daga tushe," in ji direba, ya aika a ɗauko masa sukuddireba a motarsa. Wata iska ta taso daga gabas, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa, ta kwantar da raken da ke garka gaba ɗaya. Salula ta sake ƙara.

"Gwaggo." Yarinyar ce dai, ta ce, "Muryarsa tana yin ƙasa. In da hali ku yi sauri."

Maiɗakina ta cire mayafinta ta ɗaure shi a ƙugu kamar mai shirin daka. Ta soke salular a zane.

"Ke, ina za ki? Da waɗannan gwiwoyin? Yanzu za a gama."

"Zauna da majinyacinka, Malam. Ni na tafi wurin nawa."

Ta shiga tsakanin shanu. Ina ganin kanta yana ɓullowa yana nutsewa tsakanin ƙahoni, tana ɗingishi, hannu ɗaya a kan gadon bayan saniya, ɗaya riƙe da gwangwanin. Makiyayin ya ɗaga sanda ya buɗa mata. Daga nan ban ƙara ganinta ba.

Mai hankali a nan zai yi magana. Ni sai da na bari bawan Allah nan ya kwance murfin gefe, ya jera ƙusoshi a kan tawul, ya fara zargin wani ɗan ƙarfe da ke jin zafin ruwa ya ba fanka umarni, yana cewa in shi ne ya mutu sai Damagaram ko Kano. Ƴan kallo suka fara watsewa saboda hadari. Da na ga sun ragu, na durƙusa kusa da shi kamar mai taya shi dubawa, na zura hannu ƙarƙashin tanki, na jawo wayar da ƙyallenta.

Ya karɓa. Ya juya ɗaurin, ya dubi zanen, irin na mata ne mai furanni, ya dube ni.

"Ɓerayen garinku sun iya ƙulli."

Na ce batir nake tattali.

Na zaci zai yi dariya ya tara mini jama'a, ni da na samu irin wannan dama da haka zan yi. Bai yi ba. Ya kwance ƙyallen, ya hura robobin biyu, ya haɗa su suka ce ƙas. Aikin bai kai a kurɓi ruwa ba. Na ta da moto, muka zuba wa allura ido tana hawa, ta kai inda ta kai, sai fanka ta tashi da gurnanin nan nata da na tsana. Iska mai zafi ta bugo mini ƙwauri. Allura ta tsaya, ta yi kamar tana tunani, ta fara sauka. Ya mayar da murfin ya ɗaure ƙusa biyu, sauran ya zuba mini a aljihu.

"Bi ta," ya ce. Ko godiyata bai tsaya ji ba.

Na koma jan ƙafa a gefen hanya, fanka na tashi tana kwantawa, moto ko a jikinsa. Wato da tun farko haka za mu ratsa. Ina tafe ina duban kowace tsohuwa, ina duban gefen laka ma, Allah ya sani, ko ta zame. Na wuce karyayyen kamiyon ɗigon farko na faɗuwa, manya-manya, ɗai-ɗai. Cikin gari kasuwa ta watse a guje, kowa na neman mafaka, titi ya sake cushewa. Ita a garin aka haife ta, ta san lungunan da moto ba ya bi.

A ƙofar gidan maza na zaune cikin zaure, amma ban ji kuka daga ciki ba. Na ga takalmanta a bakin ɗaki, laka har sama, ɗaya ya tsinke. Aka ce in shiga.

Yana kwance an juya shi ya fuskanci gabas, ya zama ɗan kaɗan a kan gadon. Tana zaune a ƙasa ta riƙe hannunsa da hannu biyu, numfashinta bai gama dawowa ba. Gwangwanin zuma na gefe ba a buɗe ba.

"Yaya, ni ce. Na zo. Na yafe maka duniya da lahira. Yaya, ka yafe mini."

Idonsa a buɗe yake, a kanta. Leɓensa ya motsa. Ta kai kunne har yana taɓa bakinsa. Ya sake motsawa. Ta ɗago ta dubi ɗiyarsa, ɗiyar ta sunkuyar da kai. Daga baya yarinyar ta raɗa mini a bakin ƙofa, ba da nufin komai ba, "Baba, har ɗazun nan fa yana magana. Cewa ya yi a leƙa hanya."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufi ya hana a ji komai. Kafin ya ɗauke, mutumin ya cika.

Muka zauna har sadakar uku. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce mata ta yi sa'a, ta same shi da rai, ya gan ta, ya ji ta. Liman ma ya ce motsin leɓen nan yafiya ce in Allah ya so, tunda shi ya aika a kira ta. Takan ce, "Allah ya sa." Ni kuwa na yi ta hidima fiye da kowa, shimfiɗa tabarma, raba goro, rakiyar baƙi, duk inda ba za mu haɗa ido ba. Maganar moto ba ta tashi ba. Har na fara sa rai baƙin ciki ya shafe ta.

Muka komo Dungas da rana tsaka, hanya buɗe, gonaki sun yi duhu da danshi, mutane sun fita shuka. Na lallaɓa cikin rairayin unguwa na tsaya ƙofar gida, na murɗe makulli na zare. Fanka ta ci gaba da gurnaninta. Ta sauka a hankali tana dafa kafaɗata, ta tsaya, ni ma na tsaya, mu biyu muna sauraron abin nan kamar mai wa'azi. Na ga shirun ya yi yawa, kuma ni ne namiji, ni ne na yi lakwal, ya kamata in ce wani abu mai nauyi. Na gyara murya.

"Kin ga, sai haƙuri. Abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Ko a jirgin sama muka tafi, in Allah bai nufa ki ji muryarsa ba, ba za ki ji ba."

Ta gyara mayafinta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ran yayana Allah ne ya karɓi abinsa, ban ce kai ba ne. Amma wayar nan, Malam, ina tsaye da tsintsiya ka cire ta, kuma da zanena ka ɗaure."